Daga Allo Zuwa Murhu: Tsokaci a Kan Darasin Abinci a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Abinci yana daga cikin batutuwan da suka daɗe da samun gurbi a manhajar Hausa ta matakin firamare da ƙaramar sakandare. A bisa tsarin da aka saba da shi, an raba darasin Hausa gida uku, wato harshe da adabi da al'ada, kuma a ƙarƙashin al'ada ne ake kawo abincin Hausawa tare da tufafinsu da sana'o'insu da bukukuwansu. Haka kuma, ɗalibin da ya ji batun tuwo da fura a ajin Hausa yakan sake haɗuwa da batun abinci a darasin Tattalin Gida da na Kimiyya, inda ake koya masa rabe-raben abinci da amfaninsu ga jiki da harshen Ingilishi.

Manufarmu a wannan tsokaci ita ce mu auna yadda ake gabatar da wannan batu, mu ga ko hanyar da ake bi tana kai ɗalibi ga abin da ake nema. Ra'ayinmu shi ne, an raba ilimin abinci gida biyu, sunaye a ajin Hausa, kimiyya kuma a ajin Ingilishi, sannan aka bar girkin kansa a waje, alhali kuwa girki shi ne mahaɗar biyun. Za mu nuna illar wannan rabuwa ta fuskar lafiya da ta fuskar harshe, mu dubi abin da wasu ƙasashe suka yi, sannan mu auna hujjojin masu ganin cewa girki a makaranta ba zai yiwu ba.

2.0 Dalilin Ɗaukar Batun da Muhimmanci

Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Hausa ta fi ƙarfi, adadin ya kai kashi 57, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18. Wannan bincike ya kuma nuna cewa kashi 68 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini.

Ba mu ce makaranta ce ta haddasa wannan hali ba, kuma ba mu ce darasi kaɗai zai kawar da shi ba, domin talauci da tsadar kayan abinci da rashin tsabtataccen ruwa da cututtuka duk suna da hannu a ciki. Sai dai abin lura shi ne, ɗalibar da take aji uku na ƙaramar sakandare a yau, nan da 'yan shekaru ita ce za ta yanke shawarar abin da za a dama wa yaron goye, ɗalibin da yake zaune kusa da ita kuma shi ne zai yi cefane. A gidaje da dama ma tun yanzu su ne ake aika kasuwa, su ne kuma suke tsaye a gaban murhu. Saboda haka abin da makaranta ta koya musu game da abinci, ko ta kasa koya musu, zai bayyana a akushin gidajensu. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan ya shafi karatun kansa, domin yaron da jininsa ya yi ƙaranci yakan yi saurin gajiya, hankalinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

3.0 Yadda Ake Gabatar da Darasin

3.1 Abinci a Matsayin Jerin Sunaye

Idan muka dubi yadda aka saba koyar da abincin Hausawa, za mu ga darasin ya ginu ne a kan lissafi. Akan raba abinci zuwa na ci da na sha da na marmari, sai a jera tuwo da dambu da fate da ɗan wake a gefe guda, kunu da koko da fura a wani gefen, a rufe da nakiya da alkaki da dakuwa. Tambayar jarrabawa kuma ba ta wuce a ce wa ɗalibi ya kawo ire-iren miya guda biyar ba. Wannan hanya tana da amfaninta, domin tana adana sunayen da wasunsu suka fara ɓacewa a birane. Amma tana mayar da abinci kamar kayan tarihi da ake kallo ta bayan gilashi. Ɗalibi zai rubuta miyar kuka da miyar taushe ya ci maki, ba tare da an taɓa tambayarsa abin da kabewar taushe take yi wa ido ba, ko dalilin da ya sa ake haɗa tuwon dawa da miya mai wake ko daddawa.

3.2 Kimiyya a Matsayin Hadda

A ɗaya ɓangaren, darasin Tattalin Gida yana kawo rukunan abinci guda shida da sunayensu na Ingilishi, ɗalibi ya haddace su. Misalan da ke cikin littattafai sau da yawa ba su ne abin da yake ci a gida ba, don haka yakan tashi da tunanin cewa lafiyayyen abinci shi ne tufa da madarar gwangwani da naman kaza, wato abin da mai kuɗi kaɗai yake iya saya. Zogale da rama da yakuwa da alayyahu, waɗanda suke tsirowa a bayan ɗaki, ba sa shiga lissafinsa. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yana sa talaka ya raina abin da yake hannunsa.

Tsarin manhaja ma bai taimaka ba. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999 da kafa dokarsa a 2004, hukumar NERDC ta fitar da manhajar ilimin tushe ta shekara 9 wadda aka fara aiki da ita a 2008. A kwaskwarimar da ta fara aiki a 2014, an rage yawan darussa, aka haɗa Tattalin Gida da Aikin Gona a inuwa ɗaya. Rage nauyin ya yi ma'ana, kuma haɗa gona da madafi shawara ce mai kyau a kan takarda. Sai dai darasin aiki yana buƙatar lokaci mai tsawo a jere, kuma duk inda lokaci ya ƙure, aikin hannu ne ake fara sadaukarwa, a koma ga rubutu a allo. Jarrabawar girki ta aikace tana nan a darasin Abinci da Gina Jiki na babbar sakandare, amma wannan darasi ne na zaɓi, kuma yara da yawa ba sa kaiwa wannan mataki.

3.3 Ciyarwa Ba Tare da Koyarwa Ba

Gwamnatin Tarayya ta gwada shirin ciyar da 'yan makaranta da amfanin gonar gida a wasu jihohi a 2005, Jihar Osun ta riƙe nata, sannan aka ƙaddamar da shirin a matakin ƙasa a 2016 don 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Shirin ya zo da manufa mai kyau ta jawo yara makaranta da samar wa manoma kasuwa. Amma ta fuskar manhaja, an yi asarar wata dama. Masu dafa abinci sukan kawo shi a dafe, a raba, a ci, a wanke hannu a koma aji, ba tare da abincin ya zama darasi ba. Yaro ya ƙoshi a ranar, amma bai san abin da ya sa aka haɗa masa shinkafa da wake ba.

4.0 Abin da Girki Yake Koyarwa

4.1 Ta Fuskar Lafiya

Yawancin ilimin gina jiki da iyali suke buƙata yana cikin yadda ake sarrafa abinci ne, kuma wannan ba ya koyuwa sai a gaban tukunya. Bari mu kawo misalai daga abincin da kowa ya sani.

Na farko, furotin ɗin da ke cikin hatsi, kamar gero da dawa da masara, yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake da gyaɗa da waken suya kuwa suna cike wannan giɓi, musamman wake. Ke nan shinkafa da wake, da faten tsaki mai wake, da koko da ƙosai, haɗi ne da kimiyya ta tabbatar da hikimarsa. Na biyu, sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye da wake ba ya shiga jiki da sauƙi sai an haɗa shi da bitamin C, shayi kuwa yana rage shigarsa. Don haka ɗanyen tumatir da matsin lemon tsami a kan kwaɗon zogale suna da aikin da ya wuce daɗin baki. Na uku, bitamin A yana buƙatar maiƙo kafin jiki ya amfana da shi, kuma manja yana ɗauke da shi da yawa, amma idan aka soya manja har jansa ya gushe, an ƙone amfanin. Na huɗu, kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, tana kuma sa miya ta yi yauƙi, amma yawanta yana lalata wasu bitamin. Haka ma dafa ganye har ya yi lugub a zubar da ruwansa. Na biyar, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna iya ɗaukar guba mai cutar da hanta, wadda dahuwa ba ta kawar da ita, saboda haka tsince gyaɗa kafin a yi kunu aikin kiwon lafiya ne.

Bugu da ƙari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ya kuma ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Waɗannan alƙaluma ba su da ma'ana ga yaro a kan allo. Amma idan aka ba shi cokali ya auna, aka nuna masa cewa dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, sannan ya ɗanɗana miyar da aka yi da daddawa aka rage dunƙule, to ya ga abin da idonsa, kuma gani ya kori ji.

4.2 Ta Fuskar Harshe

A nan ne batun ya fi shafar malamin Hausa. Madafi yana daga cikin wuraren da Hausa ta fi wadatar kalmomi. Kafin hatsi ya zama tuwo, sai an surfa shi, an bakace, an wanke, an rege, an niƙa ko an daka, an tankaɗe, an yi talge, sannan a tuƙa, a bar shi ya sulala, a kwashe da mara. Kowane aikatau a nan yana da ma'anarsa da ba ta musanyuwa da ta ɗan'uwansa. Damawa daban take da kwaɓawa, kaɗawa daban da tuƙawa, turarawa daban da tafasawa. Ana iya fassara waɗannan kalmomi a ƙamus, amma hannun da ya riƙe muciya ba ya mantawa da ma'anar tuƙi. Haka abin yake ga sunayen kayan aiki, irin su turmi da taɓarya da rariya da faifai da madambaci da tanda da maburgi, waɗanda yaran birni da yawa ba su taɓa riƙewa ba.

Nahawu ma yana samun wurin zama. Bayanin girki ya ginu ne a kan umarni da jeranta aiki, kamar a ce a jiƙa wake, a surfa, sai a wanke, sannan a markaɗa. Giredin aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960, wanda yakan wahalar da ɗalibai, yana fitowa fili a gaban tukunya, inda za a ji an ce zuba ruwa, zubo mini kaɗan, kada ya zube, zubar da dusa. Bambancin dafa da dafu kuwa, yaron da ya latsa ƙwayar wake ya ji ta yi laushi ya riga ya fahimce shi. Akwai kuma amsa-kama kamar fari fat da ja wur da zafi zau, da kalmomin awo kamar mudu da tiya da gwangwani da ludayi. Bayan an gama, rubuta yadda aka yi girkin insha'i ne na bayani wanda ɗalibi yake da abin faɗa a cikinsa.

Amfanin ya fi bayyana ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku ban da nasa, kuma a kan wannan tushe ne aka shigar da Hausa makarantun kudancin ƙasar nan da makarantun haɗaka na tarayya. Babbar matsalar irin wannan ɗalibi ita ce rashin wurin amfani da harshen. Girki yana ba shi wurin, yana kuma ba shi gada daga abin da ya sani. Ƙosai shi ne akara, alala ita ce moyin-moyin, koko ɗan'uwan ogi ne da akamu, daddawa kuma ita ce Yarabawa suke kira iru. Kayan haɗin ba su da wuyar samu, domin akwai 'yan kasuwa Hausawa a unguwanni irin su Sabo a Ibadan da Ama Hausa a Owerri da Agege a Legas, kuma zuwa cefane wurinsu darasin magana ne da babu littafin da zai maye gurbinsa.

5.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1995 Alice Waters ta kafa lambu da madafi a wata makarantar gwamnati da ke Berkeley a Amurka, inda yara suke shuka abin da za su dafa. Stephanie Alexander ta fara irin wannan a Melbon ta Ostareliya a 2001. Japan ta kafa dokar ilimin abinci a 2005, kuma a makarantunta ɗalibai ne suke raba abincin rana da kansu. A Ingila an wajabta koyar da girki a manhajar ƙasa daga watan Satumba na 2014.

Ya kamata mu yi hattara da hanyoyi biyu a nan. Ta farko ita ce kwaikwayon siffa, wato a ɗauka cewa sai an gina ɗakin girki mai murhun gas da firji kafin a fara. Abin koyi a waɗannan misalai shi ne sanya hannun yaro a cikin aikin, da ware wa aikin lokaci a jadawali. Ta biyu ita ce zuzutawa. Abin da ake iya tsammani daga irin wannan darasi shi ne yaro ya iya sarrafa abinci, ya daina ƙyamar ganye, ya san abin da yake saya. Ba daidai ba ne a yi wa hukuma alkawarin cewa darasi zai rage tsumburewa cikin shekara ɗaya ko biyu.

6.0 Hujjojin Masu Suka

Hujja ta farko ita ce kuɗi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai kwaɗon zogale ko na rama ba ya buƙatar abin da ya wuce ganye da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa da ɗan mai, kuma zogale yana girma da sauri a harabar makaranta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗora wa ɗalibai kawo kayan haɗi daga gida a kuma ba da maki a kan haka, domin wannan zai mayar da darasin wurin tozarta ɗan talaka.

Hujja ta biyu ita ce cunkoso da haɗarin wuta da wuƙa. Maganin wannan shi ne a raba aji rukuni-rukuni, wasu su tsince, wasu su wanke, wasu su daka, wasu su auna, wasu su rubuta matakan aiki, murhu kuma ya kasance ɗaya a fili ƙarƙashin kulawar malami. A matakin firamare ana iya farawa da abin da ba ya buƙatar yaro ya kusanci wuta. Wajibi ne kuma a tambayi iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko wani abinci, a tabbatar da ruwa mai tsabta da sabulu, a kuma kauce wa sanya darasin a watan azumi.

Hujja ta uku ita ce girki aikin mata ne. Wannan magana ba ta yi daidai da abin da ke faruwa a kasuwa ba, inda maza ne suke gasa tsire da balangu, su ne masu shayi, su ne kuma suke yin kilishi. Ban da haka, a yawancin gidajen Hausawa maigida ne yake cefane, kuma abin da bai sayo ba ba zai shiga tukunya ba. Cire yara maza daga darasin yana nufin barin mai riƙe da kuɗin cefane cikin rashin sani.

Hujja ta huɗu ita ce malamin Hausa ba masanin abinci ba ne. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa muke ganin darasin na haɗin gwiwa ne tsakaninsa da malamin Tattalin Gida, tare da gayyato wata dattijuwa daga cikin iyaye wadda ta ƙware a girkin gargajiya. Haɗarin da muke hange shi ne malami ya cusa camfi da sunan al'ada, kamar hana yara cin ƙwai, ko ya yi wa zogale kirarin maganin kowace cuta. Aikin manhaja ne ta tace, ta riƙe abin da ya tabbata, ta gyara abin da ya kauce.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga masu tsara manhaja da malamai:

i. A sauya manufar darasin abincin Hausawa daga lissafa sunaye zuwa iya bayyana yadda ake sarrafa abinci da amfaninsa ga jiki.

ii. A ware aƙalla darasin aiki ɗaya mai lokaci biyu a jere a kowane zango, a fara da kwaɗo, a je ga kunun gyaɗa, a kai ga ɗan wake ko fate.

iii. A daidaita kalmomin kimiyyar abinci da Hausa, domin a yanzu kowane marubuci yana amfani da tasa fassarar.

iv. A shigar da aikin cikin gwajin bi-da-bi, a ba da maki a kan tsabta da awo da bayanin baka da rubutu, ba a kan tsadar kayan haɗi ba.

v. A sanya wannan dabara cikin horon malaman Hausa a kwalejojin ilimi, tun daga gwajin koyarwa.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa raba batun abinci tsakanin ajin Hausa da ajin kimiyya ya sa kowane ɓangare ya rasa abin da ɗayan yake da shi. Manufar ƙasa kan harshen koyarwa ta sha sauye-sauye tun daga 1977, amma Hausa tana nan a matsayin darasi, abinci kuma yana nan a cikin manhajarta, don haka gyaran da muke nema yana hannun masu tsara manhaja da shugabannin makarantu. Makarantar da take da bishiyar zogale da turmi da tukunya ɗaya da malamai biyu masu fahimtar juna tana iya farawa a zango mai zuwa, ta rubuta abin da ya yiwu da abin da ya gagara, domin masu bitar manhaja su sami abin dogaro idan sun zauna.